Sanyin Ɗakin Inna

Litinin, 6:40 na yamma

Mitar wutar nan za ta kashe ni kafin sanyi ya kashe kowa. Ran Juma'a na saka mata kati, yau Litinin tana min kuka a bakin ƙofa kamar ɗan tsakon da ya rasa uwarsa. Kwana uku! Ni ba injin niƙa nake kunnawa a gidan nan ba. Firji ɗaya, ƙwan fitila huɗu, sai hitar ɗakin Inna. To ai ba sai an je wurin mai duba ba, ɓarauniyar tana can a kusurwa da jan idonta.

Kuma wai wane sanyi ne ma? Na taso daga aiki, na hau matakala hawa biyu, rigata jiƙe da gumi. Tun bakwai na safe nake tsaye gaban injin guga, zannuwan gadon otal suna wucewa ta hannuna, tururi yana dafa ni. Na shigo na tarar da Inna a ƙudundune cikin bargo, hita tana ta aiki. Na ce, "Inna, gidan nan fa ba sanyi." Ta ce, "To, Auta." Na kafa doka: awa ɗaya da safe, awa biyu kafin barci. Ta sake cewa to.

Yaya ya kira. Zai zo ƙarshen wata. Ya maimaita abin da ya faɗa bara a asibiti, cewa in ƙirjin Inna ya sake tashi a sanyin bana zai ɗauke ta ya kai ta gidansa, tafiyar yini guda daga nan, kuma ba shawara yake nema ba. Shekara uku tana wurina tun rasuwar Baba. Ni na san maganinta, ni na san yadda take son shayinta. Ba inda za ta je.

Inna ta tambaya yaushe maigidana zai dawo. Na ce aiki ne ya riƙe shi.

Talata, 6:15 na safe

Na saka wani katin. Allah ya isa tsakanina da mita.

Laraba, lokacin hutun rana

Doguwa, wadda muke guga a inji ɗaya, ta ce duk zafin ta ƙarƙashin ƙofa yake gudu. Wai in cusa tsumma, in manna leda a taga. Doguwa ta san maganin komai a duniya ban da na bakinta. Amma na yi, jiya da yamma. Na yanka tsohon zane na toshe ƙofar Inna, na hau kujera na liƙe tagarta da leda da salatif. Inna tana kallona daga gado ta ce, "Saura ki rubuta adireshi a jikina ki kai ni gidan waya." Na yi dariya ba don ina so ba.

Doguwa ta tambayi mutumin nawa, wai ta kwana biyu ba ta ga ya zo ɗaukata ba. Na ce ta kula da hannunta, injin ba ya wasa.

Juma'a, 7 na yamma

Na kira mai gyaran wuta, don na rantse akwai mai jan wutarmu ta bayan gida. Ya zo da jakarsa, ya buɗe nan ya rufe can, ya ce mita lafiyarta lau, hitar ce tsohuwar yayi, irinta sai ci kamar gara. Da ya shiga ɗakin Inna sai ya ja zif ɗin rigarsa har wuya ya ce, "Uwar gida, nan ɗaki ne ko firji?" Firji! Ina tsaye a gabansa ina fifita da mayafi. Na ce masa gyaran wuta na kira shi, ba hasashen yanayi ba. Ya karɓi kuɗinsa cas, bai gyara komai ba, ya bar min sawun takalmi a tsakar falo.

Bayan ya tafi na ɗauko jan farce na ɗiga a jikin maɓallin hitar, daidai lamba biyu. Na ce, "Inna, kar ya wuce nan." Ta daɗe tana kallon ɗigon. Ta ce jan ya yi kyau.

Asabar, 5:50 na yamma

Na karɓi aikin Lahadi ma. Shugabar aiki ta ce, "Ke ba kya hutawa ne?" Na ce hutu na masu albashi biyu ne. Sai da maganar ta fita na ji haushin kaina.

Litinin, 6:30 na yamma

Alhamdulillahi! Kwana shida kati ɗaya, mita shiru kamar an yi mata tsawa. Ashe dama horo take so. Na faɗa wa Inna, ta ce madalla, Allah ya yi albarka.

Ban duba waya ba yau. Sau biyu kawai.

Laraba, 8 na yamma

Inna tana tari. Ba mai yawa ba. Ta ce ƙurar tsumman da na cusa ne, na cire shi na wanke na mayar. Na dafa mata ruwan zafi da zuma. Hannunta da na taɓa sanyi ƙalau, amma ai hannun tsofaffi haka yake, ko na Baba haka yake har ya bar duniya.

Kamar an aiko shi, Yaya ya kira tana cikin yi. Ya ce, "Wa ke tari?" Na ce talabijin ne. Ya ce, "Auta, ni za ki yi wa wayo? Na goya ki fa." Na ji muryar matarsa a bayansa tana cewa ai ɗakin baƙi a share yake tun tuni. A share yake! Matar da ko sau ɗaya ba ta taɓa yanke wa Inna farce ba. Ya nemi ya gaisa da maigidan, na ce ya fita. Ya ce kullum ya fita? Na ce layi ba ya da kyau, na kashe.

Kowa da abin da yake nema a wurina. Mita, Yaya, shugabar aiki. Ni kuwa ko mai tambayata ina kwana da gaske babu.

Alhamis, 6:10 na safe

Tarin yana nan.

Juma'a, 6:45 na yamma

Haushi ya cika ni, amma sai na rubuta.

Mai burodin da ke ƙasan bene ya tare ni a bakin matakala, hannunsa duk fulawa. Ya gaishe ni, ya yi ta kwana-kwana, sannan ya ce shi fa ba ƙorafi yake yi ba, Inna uwa ce a wurinsa, amma yana tsoron matakalar nan. Na ce wace matakala? Ashe kullum da na fita, Inna takan lallaɓa ta sauko hawa biyu da sandarta, ta zauna a kan buhun fulawa kusa da tanderu daga hantsi har la'asar, sannan ta hau kafin in dawo. Sama da mako guda ke nan. Yau ƙafarta ta zame, Allah ya sa yana bayanta.

Uwata! A kan buhu, a shagon mutane, masu sayen burodi suna shiga suna fita suna kallonta. Ni kuma ina can ina yabon mita.

Bai tsaya nan ba. Ya ce, "Ai ɗakinku na gaba a saman tanderuna yake, bututun hayaƙin ta jikin bangonsa ya bi. Ɗakin nan ko a tsakiyar sanyi ba ya neman hita. Me zai hana ki mayar da ita can?" Na ce, "Ɗakin maigida ne." Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce haka ne. Shagonsa yana buɗe tun asuba, ba abin da ke fita daga benen nan bai gani ba, ko da akwati biyu ne. Na hau sama ban yi masa sallama ba.

Na samu Inna na zazzage mata. Na ce so take a ce na kasa riƙe ta? So take Yaya ya ji? Ta bari na gama tas, ta ce, "Hira nake zuwa, Auta. Mutumin kirki ne, yana ba ni labarin 'ya'yansa." Na ce hira ce ta sa ba ki kunna hitar ba ko sau ɗaya? Ta ce, "Na ga kina murna."

Na murɗa maɓallin ya wuce jan farcen har ƙarshe, na fita na bar mata ɗakin.

Lahadi, 6 na yamma

Kati ya ƙare cikin kwana biyu. Saura kwana tara a biya mu. Na zauna na yi ta juya abin a raina, ta ko'ina bai fita ba. In na kunna yadda ya kamata ba za mu kai ƙarshen wata ba, in na rage ga tari.

Kuma har yanzu, wallahi, ni ban ji sanyin da ake ta faɗa ba.

Talata, 2 na rana

Tukunyar tururi ta lalace a wurin aiki, aka sallame mu tun tara na safe, ba ko sisin yau. Na dawo ina ta mita a hanya. Wannan ne karo na farko da na yini a gida tun da sanyi ya shigo.

Na ce bari in yi amfani da ranar in tsefe wa Inna kai. Na zauna a bakin gadonta, hita tana kan biyu, yadda na ce a riƙa yi. Minti goma na farko ba komai. Daga nan gumin jikina ya bushe. Kafin in kai rabin kai yatsuna sun ƙi riƙe tsinken tsifa, ƙafafuna kamar na tsoma su a randa. Na yi magana sai na ga hucina yana fita fari. Na kai hannu bangon da gadon ya jingina da shi, jiƙe yake, bayan kabad kuwa duk ya yi baƙi. Da na ɗaga bargon don in gyara mata, sai ga kwalaben ruwa uku a jere wajen ƙafafunta, sun huce tun da daɗewa. Safa uku ta saka, ɗaya a kan ɗaya.

Ashe ni da zafina nake shigowa. Awa goma a gaban inji, in hau bene da sauri, in leƙa ɗakinta minti biyar in yanke hukunci, sannan in wuce in kwanta jikin bango mai ɗumi. Da fatar mai guga na auna wa tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu sanyi. Mai gyara ya faɗa, na ce ya cika surutu. Mako biyu ina dukan taiki na bar jaki, ga shi jakin ni ce.

Na ce, "Inna, me ya sa ba ki faɗa min ba?" Ta ce, "Kin ce ba sanyi. Na ce ƙila jikina ne." Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana. Kunya ta ishe ni, haushin kaina ya fi na kowa.

Laraba, 4:30 na yamma

Asibiti. Likita ta saurari ƙirjinta ta ce bai kai na bara ba, amma hanyar ya kama. Ta ba da magani na kwana bakwai. Ta ce ɗaki mai ɗumi, dare da rana, ba awa-awa ba. Ta faɗa tana kallona ta saman tabarau kamar ta san da maganar jan farce.

Yaya ya ce Asabar zai iso.

Alhamis, lokacin hutun rana

Doguwa ta ce abu mai sauƙi ne. Za ta ara min hitarta, in haɗa biyu in kunna tun daren Juma'a, Yaya ya shigo ya tarar da ɗaki kamar gidan wanka, ya sha shayi ya koma. Na ce in ya koma fa? Ta ce Allah na nan. Allah na nan, amma bangon ma yana nan, kuma sanyin wata uku ne a gaba.

Ta ajiye zanen da ke hannunta ta ce, "Ke, wai sai yaushe za ki daina share wa mutum wuri?" Na ce ban gane ba. Ta ce na gane sarai. Ban ƙara yi mata magana ba har aka tashi, ita kuma ko a jikinta, har waƙa take yi.

Alhamis, 7:30 na yamma

Na gwada. Na ce, "Inna, ki dawo ɗakina ki kwana, kwana biyu kawai, kafin maganin ya kama ki." Ta zaro ido ta ce, "Ɗakin surukina? Ya dawo daga tafiya ya tarar da ni baje a ɗakinsa da kwalaben magani? Allah ya sawwaƙe. Ban yi wannan rashin ta-ido ina yarinya ba, ba zan fara da furfura ba." Na ce ai ba ya nan. Ta ce, "Ai kin ce zai dawo."

Ta tsaya tana kallona. Maganar ta zo min har maƙogwaro. Na ce bari in duba tukunya.

Na kwashi katifar kujera na shimfiɗa a ɗakinta, na kunna hita har ƙarshe, abin da zai faru da mita ya faru. Taurin kai dai na san inda na gado shi.

Juma'a, 6 na safe

Ban runtsa ba. Bayana kamar an yi min duka. Takalmansa na zuwa biki har yanzu suna ƙarƙashin gado, jiya ma sai da na goge su. Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Asabar, 5 na yamma

Yaya ya iso da hantsi. Bai karɓi ruwa ba, kai tsaye ɗakin Inna ya wuce. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ga magunguna a kan kujera, ya ga ledar taga, ya shafa bango ya dubi tafin hannunsa. Ko rigar sanyinsa bai cire ba. Ya ce, "Auta, ɗauko akwatinta." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi min sauƙi.

Na ce ai tana samun sauƙi. Ya ce ɗauko akwatin. Na dubi Inna ko za ta ce wani abu, sai na ga ta jawo zannuwanta ta fara ninkewa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ba ta kalli kowa ba. 

Na ce, "Akwai ɗaki mai ɗumi a gidan nan. Na gaba. Bangonsa jikin bututun mai burodi yake, ba ya buƙatar hita. Can za ta koma, ni da ita."

Yaya ya ce, "Mijin naki kuma a kai shi ina, saman kabad?"

Na ce, "Ba zai dawo ba."

Ban taɓa faɗa ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Muryar ma kamar ba tawa ba. Na ce wata biyu ke nan da kwana tara, ba tafiyar aiki ba ce, kuma kar wanda ya tambaye ni dalili yau. Yaya ya miƙe ya ce, "Wata biyu? Ke kaɗai kike ɗauke da gidan nan, kina ce min layi ba ya da kyau? Ni ba ɗan'uwanki ba ne?" Ya fara zagin wanda ba ya nan, Inna ta ɗaga masa hannu ya yi shiru.

Ta ce, "Na ji fitarsa, Auta. Tsufa na yi, ban kurumce ba." Na ce to me ya sa kike ta tambayata yaushe zai dawo? Ta ce, "Ƙofa nake buɗe miki, kina rufewa. Maganar aurenki ce, ba ni zan riga ki faɗa ba." Na ce da kin mutu a ɗakin nan fa saboda kunya? Ta ce, "Da ke kin mutu a wancan saboda ita. Zo nan."

Na kifa kaina a cinyarta, ni da shekara talatin da takwas. Ban san tsawon lokacin ba.

Da na ɗago, Yaya yana tsaye a ɗakin gaba, tafinsa a jikin bango. Ya daɗe a haka. Sannan ya cire rigar sanyinsa ya rataye a ƙofa, ya dawo ya kama kan gadon Inna ya ce, "Kama can. Ki ɗaga da kyau, kar ki ja min shi a ƙasa." Gadon ya ƙi shiga ƙofa sai da muka kwance ƙafafunsa, ya matse yatsa, ya ce laifina ne. Ya ce zai dawo bayan mako uku, in ya ji tari ko na kyanwa ne maganarsa tana nan. Na ce na ji.

Kayan maigidan da suka rage a kabad shi ya kwashe su, bai tambaye ni ba, ya kai ɗakin baya ya ja ƙofa.

Lahadi, 9 na safe

Ban je aiki ba, su nemi wata. Inna ba ta farka ba sai takwas da rabi, tari sau ɗaya kawai na ji. Na kai mata shayi a gado, ta kurɓa, ta ce sukari bai ji ba, kuma ashe ina minshari, ba mamaki.

Na ce ba mamaki me?

Ta yi dariya har da riƙe ƙirji, ni ma na yi, karo na farko da na yi dariyar tafiyarsa. Sannan ta ture bargo da ƙafa ta ce, "Auta, ɗan buɗe mana tagar nan. So kike ki gasa ni?"